Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ya bar wa duniya ma'aunin gaskiya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Minna, Suleja da Abuja yake kasa kunne ga duk wata dabara ta rage shan mai. Daga cikin dabarun da ake tallatawa akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa mota, ta tsaga ruwa ta fitar da iskar haidirojin zuwa cikin inji. Masu sayarwa na rantsuwa da ita, masu shakka na cewa yaudara ce. Mutumin da ya samar da ma'aunin raba wannan gardama ya rasu fiye da shekara 150 da suka wuce.

An haifi Michael Faraday ranar 22 ga Satumba, 1791, a kudancin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne mai fama da rashin lafiya, gidan kuma na talakawa ne, don haka karatunsa na makaranta bai wuce koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗaurin littattafai wurin George Riebau, inda ya shekara bakwai. Littattafan da ake kawowa ɗauri su ne suka zama malamansa.

A 1812 ya halarci laccocin fitaccen masanin sinadarai Humphry Davy a cibiyar Royal Institution. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗaure shi da hannunsa, ya aika wa Davy. Shekara na zagayowa aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaji, kuma a wannan cibiya ya yi kusan dukan aikinsa.

A 1831 ya gano cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya yana haifar da wutar lantarki. A kan wannan ƙa'ida injinan madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru suke aiki a Jihar Neja, haka ma altanetar da ke cajin batirin kowace mota.

Aikinsa da ya shafi gardamar yau ya zo ne a 1833 da 1834. Tun 1800 aka san cewa lantarki na tsaga ruwa ya koma haidirojin da oksijin, amma Faraday ne ya auna abin. Ya tabbatar cewa yawan iskar da ke fita yana tafiya daidai da yawan wutar da ta ratsa ruwan, babu ƙari. Da lissafin yau, wutar ampiya 27 da ta ratsa tukunyar ruwa guda na tsawon awa ɗaya tana ba da kimanin giram ɗaya na haidirojin, wanda ƙarfinsa bai kai na fetur cikin cokalin shayi ɗaya ba. Ita kuwa wutar daga altaneta take zuwa, altaneta kuma inji ne ke juya ta da fetur, ga asarar ƙarfi a kowane mataki. Saboda haka motar ba ta samun wani ƙarfi kyauta daga ruwa. Abin da ya rage wa masu na'urar shi ne iƙirarin cewa ɗan haidirojin yana inganta ƙonewar mai har ya biya wannan asara, kuma wannan magana ce da gwaji kaɗai zai iya tabbatarwa.

Yadda ake irin wannan gwaji ma Faraday ya nuna shi. A 1853 wani yayi ya mamaye Ingila: mutane su zauna su ɗora hannu a kan tebur, tebur ya juya, a ce wani ɓoyayyen ƙarfi ne. Bai ƙaryata su ba, bai kuma zage su ba, domin ya yarda da yawansu masu gaskiya ne. Sai ya haɗa wata 'yar na'ura mai manuni tsakanin hannuwa da tebur. Manunin ya nuna cewa hannuwan ne ke fara turawa ba tare da masu su sun sani ba. Da aka bar su suna kallon manunin, sai tebur ya daina motsi. Darasin a fili yake: mutum na iya shaida da zuciya ɗaya, amma ya yi kuskure. Direban da ya biya kuɗin na'ura yakan sassauta ƙafa a kan totur ba da saninsa ba, ya ga mai ya ƙara auki, ya yaba wa na'urar.

Rashin bin wannan hanya ya jawo wa wasu asara. A 1996 wata kotu a Jihar Ohio ta Amurka ta samu Stanley Meyer, mai iƙirarin motar da ke tafiya da ruwa, da zamba, bayan masana sun duba na'urarsa sun ga tsaga ruwa ne irin na kullum.

Faraday bai nemi dukiya ko muƙami ba, har shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society ya ƙi karɓa. Ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, aka binne shi a maƙabartar Highgate.

Ga jami'in da takardar sayen irin wannan na'ura ga motocin ma'aikata za ta iso teburinsa, gadon Faraday tambayoyi ne kaɗan: wa ya auna, a kan wace hanya, da lita nawa, kuma shin direban ya san lokacin da na'urar ke kunne? Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ba ta rasa injiniyoyin da za su yi wannan awo. Gani ya kori ji, amma sai an yi ganin da ma'auni.