Ernest Rutherford, Mutumin da ya Gano Cibiyar Ƙwayar Zarra

An haifi Ernest Rutherford ran 30 ga Agusta 1871 a wani ƙauye kusa da garin Nelson a ƙasar Niyu Zilan, shi ne na 4 cikin 'ya'ya 12. Ubansa manomi ne, uwarsa kuwa malamar makaranta. Da ya ƙare karatu a Kwalejin Canterbury ya nemi sukolashif na zuwa Ingila, amma wani ɗalibi ya riga shi. Sai wancan ya janye, rabo ya faɗo kansa. Ta haka cikin 1895 ya isa Jami'ar Kambirij, ya shiga ɗakin bincike na Cavendish a ƙarƙashin J. J. Thomson.

Cikin 1898 aka ba shi muƙamin Shehun Malami a Jami'ar McGill ta Kanada. A can ne ya duƙufa kan ƙarafan da ke fid da wani irin tururi da ido ba ya gani, irin su yuraniyam da toriyam. Ya rarrabe iri biyu na tururin, ya raɗa musu alfa da bita. Shi da Frederick Soddy suka nuna cewa in ƙarfe yana fid da tururin nan, to rikiɗa yake yi sannu a hankali yana zama wani sinadari dabam. Wannan aiki ne ya kawo masa lambar Nobel ta 1908, kuma a fannin kemistiri aka ba shi, abin da ya riƙa yin raha da shi, domin shi a ganinsa masanin fiziks ne. Yawancin masana daga lambar nan aikinsu yake fara ja da baya. Nasa babban aikin kuwa yana gaba.

A lokacin an san kowane abu da ƙwayoyin zarra aka gina shi, Thomson kuma ya gano cewa cikin zarra akwai wasu 'yan ƙwayoyi marasa nauyi, wato lantaron. Sauran jikin zarra fa? Thomson ya ɗauka nauyinta da cajin lantarkinta a baje suke ko'ina, lantaron suna warwatse a ciki kamar tsakuwa cikin curin laka. Ba wanda zai iya leƙawa ya tabbatar, don kuwa ba madubin da ke nuna abu mai wannan ƙanƙanta. Dabarar Rutherford ita ce ta mutumin da ke son sanin siffar abin da ke cikin ɗaki mai duhu: ya yi ta jifa, yana lura da inda duwatsun suke komawa.

Harsashinsa shi ne ƙwayar alfa, wadda ta fi lantaron nauyi sau fiye da 7,000, tana kuma gudun kilomita wajen 15,000 a daƙiƙa guda. Tun 1907 ya koma Jami'ar Manchesta, inda ya sami mataimaki Bajamushe, Hans Geiger, da wani ɗalibi ɗan shekara 20, Ernest Marsden. Aikinsu mai cin ido ne. Sukan shafa wa ɗan allo haɗin tutiya da farar wuta, wanda in ƙwayar alfa ta buge shi sai ya yi ɗan ƙyalli ya mutu nan take. Mai ƙidaya zai zauna cikin duhu har idonsa ya saba, sa'an nan ya sa ido a madubin ƙara girma yana ƙirga ƙyallin ɗaya bayan ɗaya. Ido ba ya jurewa, don haka sukan yi karɓa-karɓa.

Cikin 1909 Rutherford ya umurci Marsden ya duba ko akwai ƙwayoyin da ke dawowa baya in sun bugi fallen ƙarfe. Bisa ra'ayin Thomson bai kamata a ga ko ɗaya ba, domin zarra mai laushi haka ba ta da ƙarfin juya harsashi mai wannan nauyi da gudu. Ashe akwai su. Daga ƙarfen filatinam, wajen ɗaya cikin kowace 8,000 ta kauce fiye da digiri 90, wato ta juyo wajen da ta fito. Wani zai iya cewa wannan kuskuren na'ura ne ya wuce. Rutherford ya shafe fiye da shekara yana juya maganar a ransa.

Ran 7 ga Maris 1911 ya bayyana amsarsa a gaban wata ƙungiyar masana ta Manchesta. Kusan dukan nauyin zarra, tare da cajinta mai kore ƙwayar alfa, a dunƙule suke cikin wata 'yar cibiya da faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin 10,000 na faɗin zarrar ba. Da zarra za ta kai girman filin ƙwallo, da cibiyar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, sauran kuwa fili ne fetal. Saboda haka yawancin ƙwayoyin alfa suke ratsa ƙarfe ba su kauce ba, sai wadda ta yi kiciɓis da cibiya ce ake korowa.

Abin da ya ba maganar ƙarfi shi ne lissafin da ya haɗa ta da shi, wanda ya faɗi yawan ƙwayoyin da za a samu a kowace kusurwa. Alal misali, waɗanda za a ƙirga a digiri 60 za su ninka na digiri 90 sau 4, na digiri 30 kuwa sau wajen 56. Da ƙidaya ta saɓa wa wannan, da ra'ayin ya rushe. Geiger da Marsden suka ƙera akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa, suka kafa fallen zinariya ko na azurfa a tsakiya, madubin da allonsa kuma suna iya kewaya fallen. Suka auna daga digiri 5 har 150, suka ƙirga ƙyalli fiye da 100,000 da idanunsu. Sakamakon da suka buga cikin 1913 ya dace da lissafin. A shekarar ce kuma Niels Bohr, wanda ya zauna a Manchesta cikin 1912, ya bayyana yadda lantaron suke jeruwa kewaye da cibiyar.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya watsa jama'ar ɗakin binciken. Geiger ya shiga rundunar Jamus, Marsden ya yi yaƙi a ɗaya ɓangaren, aka kuma kashe Henry Moseley, ɗaya daga cikin haziƙan matasansa, a Gallipoli cikin 1915. Duk da haka Rutherford bai ajiye aiki ba. Cikin 1919 ya ba da labarin cewa ƙwayar alfa ta fizgo cibiyar haidirojin daga zarrar naitirojin, ƙwayar da daga baya ya raɗa wa suna furoton. A shekarar ya gaji Thomson a Cavendish, inda cikin 1932 James Chadwick ya gano niyutiron, John Cockcroft da Ernest Walton kuma suka fasa cibiyar litiyam. An ba shi sarautar Lord cikin 1931. Cikin 1933 ya shugabanci majalisar da ta taimaki malaman da mulkin Hitler ya kora daga jami'o'in Jamus.

A wannan shekara ce kuma hasashensa ya kuskure, da ya nuna cewa ba ya ganin za a sami makamashi mai amfani daga fasa zarra. Ya rasu a Kambirij ran 19 ga Oktoba 1937 bayan aikin tiyata na ƙabar ciki, aka binne tokarsa a Majami'ar Westminster kusa da kabarin Isaac Newton. Wata 14 bayan haka, Otto Hahn, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa a Kanada, shi da Fritz Strassmann suka gano tsagewar cibiyar yuraniyam.

Hanyarsa ta harba ƙwayoyi a auna kusurwar kaucewarsu ba ta tsufa ba, sai dai na'urori sun karɓi aikin ido. Da ita Robert Hofstadter ya auna girman furoton a Amurka cikin shekarun 1950, da ita aka gane a ƙarshen shekarun 1960 cewa furoton ma yana da 'yan ƙwayoyi a cikinsa. Masana kemistiri Dudley Herschbach da Yuan Lee sun haɗa ƙwayoyin sinadarai karo suna auna inda abin da ya fito yake nufa, aikin da ya sa suka shiga cikin waɗanda aka ba lambar Nobel ta 1986. Cikin 1997 aka tabbatar wa sinadari na 104 sunan Rutherford.