Percy Julian: Masanin da Ya Tatso Sinadarin Riƙon Ciki Daga Wake

Duk wanda ya bi ta bakin tashar mota a Dutsin-Ma da maraice, ko ya ratsa kasuwar Kurfi, ba zai rasa ganin 'yan mata suna suyar awara ba. Waken suya da ake yin awarar da shi ya zama ɗan gida a ƙasar Katsina, amma ba kowa ya san cewa daga man wannan wake ne aka fara samar da sinadarin da ke riƙe ciki a jikin mace da yawan da za a auna shi a sikelin 'yan kasuwa ba. Wanda ya yi wannan aiki wani baƙar fata ne ɗan Amurka, jikan bayi, mai suna Percy Lavon Julian. Hanyar da ta kai shi ga waken suya kuwa ta faro ne daga wani wake na ƙasarmu, watau waken Kalaba.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Julian ran 11 ga Afrilu, 1899, a garin Montgomery na Jihar Alabama. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne mai rarraba wasiƙu a jirgin ƙasa, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta ce, shi ne kuma babba cikin 'ya'ya shida. A zamanin nan dokar wariyar launin fata tana da ƙarfi ainun a kudancin Amurka, har ma hukumar garin ba ta tanadar wa 'ya'yan baƙaƙe cikakkiyar makarantar sakandare ba. Saboda haka sa'ad da Jami'ar DePauw ta Jihar Indiana ta karɓe shi a 1916, sai da ya riƙa haɗa darussan sakandare da na jami'a, yana kuma aikin raba abinci a wani gidan kwanan ɗalibai fararen fata don ya sami wurin sa haƙarƙarinsa. A 1920 ya gama, shi ne na ɗaya a ajinsu.

Wannan bai buɗe masa ƙofa ba. Ya koyar a Jami'ar Fisk, ya sami digiri na biyu a Harvard a 1923, amma can ma aka hana shi koyarwa don gudun kada ɗalibai farare su ƙi zama gaban baƙin malami. Sai a 1929 ya sami tallafin da ya kai shi Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya, inda ya yi karatu a hannun Ernst Späth, gwanin sinadaran tsirrai, ya sami digirin dakta a 1931. A can ya ƙulla abota da Josef Pikl, wanda daga baya ya bi shi Amurka. Komawarsa Jami'ar Howard ba ta yi daɗi ba, domin rigimar malamai ta ci shi, har aka buga wasiƙunsa na sirri a jarida, dole ya ajiye aiki a 1932. Tsohon malaminsa William Blanchard ne ya janyo shi DePauw ya ba shi ɗakin bincike.

Waken Kalaba

Mutanen Efik na Kalaba sun daɗe da sanin wani wake mai dafi da suke kira esere, wanda a da suke ba wanda ake tuhuma da maita ya sha, in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu laifi ya tabbata. Turawa suka kai shi ƙasarsu a ƙarni na 19, suka ciro wani sinadari daga cikinsa mai suna fisostigmin, wanda ke rage matsin ruwan ido ga masu ciwon gilakoma. Abin da ya gagara shi ne a harhaɗa wannan sinadari a ɗakin bincike ba tare da waken ba. Robert Robinson na Oxford, wanda ake ganin babu kamarsa a fagen, yana kan aikin. A 1935 Julian da Pikl suka riga shi, har suka nuna a rubuce cewa ya yi kuskure a wani mataki. Saurayi baƙar fata marar kujerar farfesa ya gyara wa babban malamin Ingila, gyaran kuma ya tabbata.

Cikin wannan aiki ne ya lura da waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli da suka kwanta a man waken. Sitigmastarol ne, wani nau'in kitsen tsiro wanda tun 1906 Adolf Windaus na Jamus ya fara ware shi daga wannan wake. Darajar wannan abu ba za ta fito ba sai an san yadda jikin mace yake tafiyar da al'amarin haihuwa.

Sinadaran da ke jan ragamar haihuwa

Homon wani sinadari ne da wata gaɓa ke zubawa cikin jini, jini ya kai shi wata gaɓar dabam ya isar da umurni, tamkar jakada. Ernest Starling na Ingila ne ya raɗa masa suna a 1905. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar wake ba, ana kiransa fituwitari. Shi ke aika homon biyu zuwa gidan ƙwan mace: ɗaya ya raini ƙwai har ya nuna, ɗayan ya sa a sake shi. Yayin da ƙwan ke nuna, gidan ƙwai yana fitar da istirojin, wanda ke kauranta shimfiɗar cikin mahaifa. Ana sakin ƙwan kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa. Gurbin da ya bari ba ya zama banza, sai ya rikiɗe ya zama wani ɗan tsiro rawaya mai fitar da furojestaron. Aikin furojestaron shi ne ya gyara shimfiɗar nan ta iya karɓar ƙwan da ya haɗu da maniyyi, ya kuma kwantar da naman mahaifa kada ta matse ta turo abin da ke ciki. In ciki bai shiga ba, tsiron ya ƙanƙance cikin mako biyu, furojestaron ya ja baya, shimfiɗar ta zube, wannan ita ce haila. In kuwa ya shiga, ɗan tayin da kansa zai aiko da wani homon da zai hana tsiron mutuwa, shi ne ma wanda ake nema a fitsari wajen gwajin ciki, har zuwa wajen mako na goma lokacin da mabiyiya za ta karɓi aikin. A jikin namiji ma homon biyun nan na fituwitari su ke umurtar 'ya'yan maraina su samar da maniyyi da testostaron.

George Corner da Willard Allen ne suka tabbatar da aikin wannan tsiro rawaya a 1929 ta hanyar gwaji kan zomaye. A 1934 aka ware furojestaron tsantsa, amma da wahala marar misaltuwa: a Jamus sai da aka tattara gidan ƙwan aladu wajen 50,000 kafin Adolf Butenandt ya sami miligiram 20. Likitoci suna son su ba matan da ke yawan ɓari, amma kuɗinsa ya fi na zinariya nesa. Jamusawa sun gano a shekarar cewa ana iya juya sitigmastarol ya koma furojestaron, domin ƙirarsu ta asali ɗaya ce. Abin da ya rage shi ne inda za a sami sitigmastarol mai yawa da araha.

Tankin da ruwa ya shiga

Duk da nasarar 1935, DePauw ta ƙi ba Julian kujerar malanta. Kamfanin DuPont ya kira shi, da aka ga launinsa aka sallame shi. Wata cibiyar binciken takarda a garin Appleton ta so ɗaukarsa, sai aka tuna garin ba ya yarda baƙar fata ya kwana a cikinsa. Ƙarshe dai kamfanin fenti na Glidden a Shikago ya naɗa shi shugaban binciken sashen waken suya a 1936, shekara guda bayan ya auri Anna Roselle Johnson, wadda ita ma ta zama dakta a ilmin zamantakewa. Haƙiƙa abin takaici ne a ce jami'o'i sun tura irin wannan ƙwaƙwalwa masana'antar fenti, ko da yake can ne rabon ya tsaga.

A 1939 ruwa ya yoyo cikin wani tanki mai ɗaukar galan 100,000 na man waken suya, wani farin dasƙararren abu ya kwanta a gindinsa. Ma'aikata suka ɗauka man ya lalace. Julian kuwa da ya duba sai ya gane dangin abin nan ne da ya gani a man waken Kalaba. Ya tsara hanyar tace shi da yawa, ya kuma shawo kan matakan juya shi a manyan tukwanen masana'anta. A 1940 ya aika wa kamfanin magani na Upjohn fam guda na furojestaron, watau giram 454, wanda kuɗinsa ya haura dala 60,000, cikin mota mai sulke. Daga nan Glidden ta shiga samar da testostaron ma. Ba shi kaɗai ya karya farashin ba, domin Russell Marker ya biyo da wata hanya daga doyar daji ta Meziko a farkon shekarun 1940, wadda ta fi araha. Tsakanin wake da doya, homon ya tashi daga abin da sai mai hali ya koma maganin da asibitin gwamnati ke iya saye.

A nan ya kamata a kau da wata fahimta. Cin awara ba ya ƙara wa mace furojestaron, domin jikin ɗan Adam ba ya iya juyin da Julian ya yi a tukunya. Haka nan fatan da likitocin wancan zamani suka ɗora wa maganin ya zarce ƙarfinsa. Bincike ya nuna yawancin ɓarin farkon ciki daga tangarɗar halittar ɗan tayin yake, abin da homon ba ya gyarawa. Inda aka ga amfaninsa shi ne ga macen da ta ga jini a farkon ciki alhali ta taɓa ɓari, kamar yadda hukumar tsara magani ta Ingila ta amince a 2021. Ƙwayar tazarar haihuwa da ta fito a 1960 ba shi ya ƙago ta ba, amma dangin furojestaron ne a cikinta.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1949 ya fito da hanyar harhaɗa wani sinadari makusancin kotizon, maganin ciwon gaɓoɓi. Shahara ba ta kare shi ba. Da ya sayi gida a unguwar Oak Park ta fararen fata a 1950, aka yi yunƙurin cinna masa wuta tun kafin iyalin su tare, a 1951 kuma aka jefa nakiya. Ya ƙi tashi, har yakan kwana yana gadin gidan da bindiga. Ya bar Glidden a 1953 ya kafa kamfaninsa, ya buɗe reshe a Meziko don sarrafa doyar nan, sa'an nan ya sayar da shi a 1961 kan dala miliyan 2.3. Ya mallaki rajistar ƙirƙira fiye da 130. A 1973 aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka, shi ne baƙar fata na farko daga fannin kimiyyar sinadarai da ya shiga. Ciwon dajin hanta ya yi ajalinsa ran 19 ga Afrilu, 1975, a garin Waukegan na Jihar Illinois, yana da shekara 76.