Likita Leo Kanner, Mai Sa Ido ga Yara

Duk macen da ta taɓa goyo ta san jariri in ya yi 'yan watanni, da ya ga uwarsa ta sunkuyo za ta ɗauke shi, sai ya zabura ya miƙo hannu. Abu ne ƙanƙane, ba mai kula da shi sai ran da aka rasa shi. To, labarinmu na yau na wani likita ne da ya kula da wannan ɗan abu, har ya zama sanadin gane wani hali na yara da a ke kira otizim, wanda a rediyo a kan ce galahanga.

An haifi Leo Kanner ran 13 ga watan Yuni, 1894, a wani ƙauye mai suna Klekotow, wanda yanzu ya ke cikin ƙasar Yukren. Iyayensa Yahudawa ne. Cikin 1906 aka kai shi Berlin, can ya yi makaranta har ya shiga koyon likita. Yaƙin Duniya na Farko ya katse masa karatu, aka ɗauke shi aikin jinyar soja, bai sami takardar shaida ba sai 1921. Da zama ya yi wuya a Jamus, kuɗin ƙasar ya lalace, sai ya kwashi iyalinsa cikin 1924 ya ƙaura Amurka. Ya yi shekara huɗu a wani asibitin masu taɓin hankali a Yankton, sa'an nan ya koma asibitin Johns Hopkins na birnin Baltimore. Cikin 1930 aka ba shi aikin buɗe sashen duba hankalin yara, cikin 1935 kuwa ya wallafa littafi na farko da Ingilishi a kan wannan fanni.

Cikin 1938 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara biyar daga jihar Mississippi, sunansa Donald. Tun kafin su iso, uban ya aiko da wasiƙa mai shafi 33, ya bayyana halin ɗansa dalla-dalla. Yaron yana da hadda ta ban mamaki, amma ba ruwansa da mutane. Ya kan wuni yana juya faranti a ƙasa yana kallo, in an kira shi ko waiwaye. Kanner bai yi garajen laƙaba masa suna ba. Ya zauna ya sa ido, ya rubuta abin da ya gani, ya kasa kunne ga iyaye.

Kafin 1943 ya tara yara 11 masu irin wannan hali, maza 8, mata 3, ya rubuta labarinsu. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne alamun sun faro tun daga goyo. Uwayen suka tuna 'ya'yansu ba su miƙo hannu in za a ɗauke su, in an rungume su kuma ba su lafewa a jiki. Waɗansu sun sha wahalar cin abinci, waɗansu an zaci kurame ne, alhali kuwa ƙarar injin shara, ko zubar ruwa, ko iska, ta kan firgita su ƙwarai. Takwas sun koyi magana, amma su kan maimaita abin da aka faɗa musu ne, har yaro ya ce kai inda ya kamata ya ce ni. In an sāke wa kayan ɗaki wuri, sai hankalinsu ya tashi. Kanner ya yanke cewa da wannan hali aka haife su. Ba shi ne farkon ganin irinsu ba, gama wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta riga shi tun 1925, amma rubutunsa ne ya watsu cikin duniya.

Sai dai gwani ba ya rasa tuntuɓe. Kanner ya ga iyayen da ke zuwa wurinsa masu ilmi ne, marasa sakin fuska, sai cikin 1949 ya kwatanta renonsu da ajiye yaro cikin firiji. Waɗansu masana suka ɗauki maganar suka ƙara mata gishiri, aka ɗora wa uwaye laifi. Ku duba wannan baƙin ciki: mace tana fama da ɗanta dare da rana, a kuma ce ita ta jawo! Cikin 1969 Kanner ya tsaya gaban taron iyayen irin waɗannan yara, ya wanke su daga zargi. Binciken tagwaye da aka yi a Ingila cikin 1977 ya nuna lalle gado yana da hannu babba a ciki.

Bai kuma manta da yaransa ba. Cikin 1971 ya bi sawunsu, ya tarar waɗanda aka kulle a gidajen marasa lafiya sun koma baya, Donald kuwa, da danginsa da mutanen garinsu suka riƙe shi, yana aiki a banki. Kanner ya rasu ran 3 ga watan Afrilu, 1981, yana da shekara 86.

Yau an san otizim ya fi yadda ya zata yawa, kuma iri-iri ne. Likitoci su kan duba ko ɗan shekara guda yana waiwayowa in an kira sunansa, ko yana haɗa ido da mutane, ko yana nuni da yatsa. Alama ɗaya ba ta isa hukunci, a kan fara da gwada kunne tukuna. In an gane da wuri, taimako ya fi amfani.

Ya ku 'yan'uwa masu shirin koyarwa, wata rana za ku ga yaro a aji yana toshe kunne in an buga ƙararrawa, ko ku kira shi ya yi shiru. Kada ku ce taurin kai ne ku ɗauko bulala, kada kuma ku zargi uwarsa. Ku sa ido, ku rubuta abin da kuka gani, ku tambayi iyaye yadda ya ke tun yana goye, sa'an nan ku ba su shawara su kai shi ga likita.