Joey Dunlop: Sarkin tseren babur da ke kai wa marayu abinci da kansa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san babur abin neman abinci ne, kuma ya san yadda yake komawa abin ganganci a hannun samari ranar ɗaurin aure. A wasu ƙasashen tseren babur sana'a ce da ke da dokoki da gasar duniya. Cikin waɗanda suka yi fice a wannan sana'a, ba a cika samun wanda jama'arsa suka ƙaunata kamar Joey Dunlop ba, mutumin Ireland ta Arewa da ya rasu a kan babur a shekarar 2000.

Tasowarsa

An haifi William Joseph Dunlop ranar 25 ga Fabrairun 1952 a kusa da garin Ballymoney, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Ya fara tsere a 1969 da wani tsohon babur ƙirar Triumph Tiger Cub. Da rana yana aikin ƙarfi, da dare yana kwance inji yana ɗaurawa da hannunsa, kuma bai bar wannan ɗabi'a ba har bayan da kamfanin Honda ya ɗauke shi ya ba shi makanikai.

Tseren da ya ƙware a kai ba na filin da aka gina domin gasa ba ne. A Ireland da Tsibirin Man, titin da jama'a ke bi kullum ake rufewa a yi tsere a kai, tsakanin katangu da bishiyoyi da turakun lantarki. A filin gasa idan mahayi ya faɗi akwai tsakuwa da sarari da za su tare shi. A kan titi kuwa, ƙaramin kuskure na iya zama ajali.

Shi da ƙaninsa Jim da surukinsa Mervyn Robinson da abokinsu Frank Kennedy sun yi suna a matsayin gungun mahaya daga ƙauyen Armoy. Kennedy ya rasu sakamakon hatsarin da ya yi a gasar North West 200 ta 1979, Robinson kuma ya rasu a wannan gasar a 1980. Rashin ya girgiza Joey har ya yi tunanin ajiye babur, amma daga baya ya koma.

Sarkin Tsibirin Man

Gasar TT ta Tsibirin Man, wadda aka fara a 1907, tana cikin mafiya haɗari a duniya. Zagaye ɗaya ya haura kilomita 60, ya ratsa ƙauyuka ya hau dutse, kuma sama da mutum 250 ne suka rasa rayukansu a wannan hanya. Sai mahayi ya haddace kowace kwana da kowane tudu kafin ya iya sakin maƙura.

Joey ya fara yin nasara a can a 1977, lokacin da ba a san shi sosai ba. Daga 1982 zuwa 1986 ya lashe kambun duniya na Formula TT sau biyar a jere a kan Honda. Wannan gasa ta manyan baburan da aka samo daga irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa ce, kuma ita ce ta share fagen gasar duniya ta Superbike. Da aka buɗe Superbike a filin Donington na Ingila a watan Afrilun 1988, yana cikin waɗanda suka fafata, ya kuma zo na uku.

A 1985, jirgin kamun kifin da ya ɗauko shi da ƙaninsa Robert da wasu babura zuwa tsibirin ya bugi dutse ya nutse a bakin mashigin ruwan Strangford. An ceto kowa da rai. Bayan 'yan kwanaki Joey ya hau babur ya lashe tsere uku a gasar ta shekarar. Ya maimaita hakan a 1988. A 1989 ya yi mummunan hatsari a filin Brands Hatch wanda ya hana shi shiga gasar TT, wasu suka ɗauka tasa ta ƙare, amma ya dawo ya ci gaba da cin kofuna.

Gaba ɗaya ya yi nasara sau 26 a TT, sau 24 a gasar Ulster Grand Prix, sau 13 a North West 200. Daga nesa ake gane shi da hular kwano ruwan ɗorawa da lamba 3.

Tafiyar da ba ta da 'yan kallo

Joey mutum ne mai kunya, ba ya son magana da 'yan jarida. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a ƙarshen 1989, duniya ta ga halin yunwa da rashin kulawa da yara ke ciki a gidajen marayun ƙasar. Idan kakar tsere ta wuce, sai ya tattara abinci da tufafi da barguna daga mutanen yankinsa, ya loda a motar da yake ɗaukar baburansa, ya tuƙa ta da kansa ya ratsa Turai cikin tsananin sanyi. Sau da yawa shi kaɗai yake tafiya. Ya kai irin wannan taimako Romaniya da Albaniya da Bosniya, ba tare da ya nemi a yayata shi ba.

Birtaniya ta ba shi lambar yabo ta MBE a 1986 saboda wasanni, sannan ta OBE a 1996 saboda wannan aikin jinƙai. A ƙasarsa da rikicin Katolika da Furotesta ya raba kan jama'a shekara da shekaru, yana cikin mutane ƙalilan da ɓangarorin biyu suka riƙe a matsayin nasu.

Tseren ƙarshe

A watan Yunin 2000, yana da shekara 48, ya lashe tsere uku a TT, har da na manyan babura, inda ya doke matasan da ya kusa haifa. Da a nan ya tsaya, da babu mai cewa ya rage wani abu.

Bayan 'yan makonni ya loda baburansa ya nufi Tallinn, babban birnin Estoniya, domin wata ƙaramar gasa da ba ta da wani kuɗin kirki. Ya riga ya ci tsere biyu a can. Ranar 2 ga Yulin 2000, yana kan gaba a tseren ƙananan babura masu injin cc 125, titi ya jiƙe da ruwan sama, babur ya kufce masa ya bugi bishiyoyi. Nan take ya rasu, ya bar matarsa Linda da 'ya'ya biyar. An ƙiyasta mutum 50,000 ne suka halarci jana'izarsa.

Abin da gidan ya biya

Mutuwarsa ba ta raba iyalin Dunlop da tsere ba. Ƙaninsa Robert ya rasu a wajen atisayen North West 200 a 2008, kuma bayan kwana biyu ɗan Robert, Michael, ya hau babur ya lashe tsere a wannan gasar. Yayan Michael, William, shi ma ya rasu a atisayen wata gasa kusa da Dublin a 2018. Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, sai muhawara ta taso kan ko ya dace a ci gaba da tsere a kan titi, su kuma mahayan su dage cewa sun san haɗarin kafin su hau.

Tarihin nasara 26 da Joey ya kafa ya yi shekara 24 ba a karya shi ba. A watan Yunin 2024 Michael ya zarce shi, wato kambun bai bar gidan ba. A yau akwai mutum-mutumin Joey a Ballymoney da kuma gefen hanyar dutse a Tsibirin Man, sannan wata gidauniya mai ɗauke da sunansa tana samar wa masu buƙata ta musamman masauki idan sun ziyarci tsibirin.