Svante Arrhenius, Ɗalibin Da Gishiri Ya Kusa Kayarwa

'Yan ajinmu da malamanmu, na san wasunku ba su manta ranar nan a aji huɗu ba, da malaminmu na kemistiri ya jona ƙwan tocila da batir, ya cusa wayoyi biyu cikin busasshen gishiri, ƙwai ya ƙi kamawa. Da ya zuba ruwa ya motsa, sai ga haske. Ya ce wai gishirin ne ya rabu gida biyu, sodiyam da kulorin. Ni kuwa na ƙi yarda. Ai a makon da ya gabata ya nuna mana sodiyam yana tsalle yana tartsatsi a kan ruwa, ya kuma ce kulorin iskar guba ce. To, yaya za a ce su ne a cikin miyar gidanmu? Taurin kan nan ya ja mini faɗuwa a gwajin zangon. Sai da na girma na gane ashe manyan shehunan malamai sun riga ni wannan gardama, kuma a kan wani saurayi ɗan ƙasar Suwidin suka sauke ta.

An haifi Svante Arrhenius a 1859 kusa da birnin Uppsala. A 1884, yana ɗan shekara 25, ya miƙa wa jami'ar birnin kundin digirinsa na uku a kan yadda lantarki ke ratsa ruwan gishiri da ire-irensa. Kafin shi, yawancin masana sun bi fahimtar Faraday na Ingila, cewa lantarkin ne ke farfasa gishiri zuwa ƙwayoyi masu caji, waɗanda ya raɗa wa suna ayon. Arrhenius ya karkata ga cewa narkewa cikin ruwa kaɗai ta isa, ko ba batir. Malamansa ba su gamsu ba. Da ƙyar suka bari ya wuce, da sakamako mai rauni da ba ya kai mutum ga aikin koyarwa a jami'a.

Bai zauna ya yi tagumi ba. Ya aika kundin ga masana na ƙetare. Wilhelm Ostwald ya karanta a Riga, ya taso takanas har Uppsala domin ganinsa, ya yi masa tayin aiki. Ganin haka jami'ar ta ba shi gurbin ƙaramin malami. A 1887 ya fito da bayanin a fili, a 1903 kuma ya karɓi kyautar Nobel, ɗan Suwidin na farko da ya same ta. Abin dariya, Farfesa Cleve da ya raina kundin yana cikin kwamitin da ya zaɓe shi.

A ganina malaman nan ba su da laifi sosai, domin sai a 1897 aka gano ilektiron. Sai a 1916 Walther Kossel ya warware tambayata: sodiyam ya ba kulorin ilektiron ɗaya, wannan ya ɗauki caji mai ƙari, wancan mai ragi, suka riƙe juna, kuma halinsu ya sauya ƙwarai daga na asali. Aikin Bragg na 1913 ya nuna yadda suke jere sahu-sahu tun cikin busasshen gishiri. Ke nan ruwa kwance su kawai yake yi su yi yawo, shi ya sa ƙwan ya kama.

Inda ya ba ni haushi shi ne, da ya samu ƙarfi bai yi wa wasu sassauci ba. Mendeleev, mai jadawalin sinadaran nan da muka sha haddacewa, ya daɗe yana sukar ra'ayinsa. A 1906 kwamiti ya gabatar da sunan tsohon domin Nobel, Arrhenius ya sa baki aka ba wani. Mendeleev ya mutu a farkon 1907 bai samu ba. Shi kuma Arrhenius ya ƙara shekara ashirin, ya mutu a Stockholm a 1927.