Bustamante: Ɗan Ci-rani Da 'Yan Dako Suka Ɗora Bisa Mulki

Jama'a, a wannan fitowa za mu tsallaka teku zuwa Jamaika, wani tsibiri da ke kusa da Kiyuba, wanda Ingilishi suka mallaka kamar yadda suka mallake mu. Mafi yawan mutanensa jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka don noman rake. An 'yanta su a 1838, amma har bayan shekara 100 lebura bai da ƙuri'a, sai mai dukiya ko mai biyan wani adadi na haraji.

A can aka haifi William Alexander Clarke ran 24 ga Fabrairu, 1884, a ƙauyen Blenheim. Karatunsa bai wuce firamare ba. Yana saurayi ya fita ci-rani, ya zauna Kiyuba da Fanama da Amurka, kusan shekara 30. Ya dawo gida da sabon suna, wato Bustamante, da kuma ɗan jari, ya buɗe ofishin ba da bashi da ruwa a Kinston, babban birnin ƙasar. To, mu 'yan kasuwa mun sani, mai ba da bashi shi ke jin asirin aljihun mutane. Kullum leburori na gabansa, lada ba ya kai su ƙarshen mako. Sai ya shiga aika wasiƙu jaridar Gleaner yana fallasa halin da talaka ke ciki.

A watan Mayu na 1938 tura ta kai bango. Ma'aikatan gonar rake ta Frome suka yi bore, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Wutar ta kama Kinston, 'yan dakon tashar jiragen ruwa suka ajiye aiki. Bustamante ya shige gabansu, hukuma ta kama shi. Su kuwa 'yan dako suka ce atafau ba mai ɗaga buhu sai an sake shi, kuma sai da aka sake shi ɗin. A shekarar ya kafa ƙungiyar ƙwadago ta BITU, wadda ya liƙa wa sunansa, ya zama shugabanta na har rai. Ɗan'uwansa Norman Manley, babban lauya da ya yi karatu a Oxford, ya jagoranci kafa jam'iyyar PNP, suna tafiya tare.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamna ya tsare Bustamante wata 17, daga Satumba 1940 zuwa Fabrairu 1942. Yana fitowa ya ɓata da mutanen Manley, waɗanda suka riƙe masa ƙungiya yana tsare. A 1943 ya kafa tasa jam'iyyar, Jam'iyyar Leba ta Jamaika, JLP a taƙaice.

Zaɓen majalisa na 14 ga Disamba, 1944, shi ne na farko da duk mai shekara 21, mace da namiji, mai shi da maras shi, ya sami ƙuri'a. Kujeru 32 ne. JLP ta kwashe 22, PNP ta sami 5, 'yan ba-ruwanmu suka sami 5. Shi kansa Manley ya faɗi a mazaɓarsa. Ka ga, ilimi da tsari suna wurin lauya, amma lebura ya tuna wanda ya shiga kurkuku dominsa.

Sai dai fa ƙarfin mulki yana hannun gwamna Bature tukuna. A 1953 ne Bustamante ya zama Babban Minista, a 1955 Manley ya kayar da shi. Ya sake cin zaɓe a 1962, kuma ran 6 ga Agusta na shekarar ya zama Firayim Ministan farko na Jamaika mai 'yanci. Ya sauka a 1967, ya mutu ran 6 ga Agusta, 1977, yana da shekara 93.

Ba za mu ce ba shi da aibu ba. Ƙungiya da jam'iyya duk ya riƙe su kamar kantinsa, wanda ya ja da shi ya ga ƙofa. Rabuwarsa da Manley ta raba kan ma'aikata gida biyu, har PNP ta kafa tata ƙungiyar ƙwadago a 1952, gabar kuma ta kai magoya baya ga zubar da jini a unguwannin talakawan Kinston shekaru da yawa bayan haka.

Abin lura gare mu shi ne, ɗan dakon da ba a tambaya ra'ayinsa a 1938 ba, shi ya naɗa shugaba a 1944, don ya haɗa kai kuma sunansa na cikin rajista. Ran da kan ya rabu, shi ne ya fara shan wuya. Allah Ya sa mu gane.