Bishop Samuel Ajayi Crowther, Bawan da Ya Raya Harsuna

An haifi Ajayi a Osogun, ƙasar Yarabawa, wajen 1809. Mahara suka kama shi bawa a 1821. A 1822 jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi, aka sauke shi a Saliyo, inda ya yi baftisma a 1825. Ya gane bishara takan fi shiga zuciya da harshen da mutum ya sha a nono. Shi ya sa ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya wallafa littafin koyon karatun Nufanci a 1860, da nahawunsa a 1864, shekarar da aka naɗa shi bishop. Ya rasu a Legas a 1891.

Iyaye Kambari da Dakarkari, kada Hausa ta haɗiye harshen gida a bakin 'ya'yanmu.